Ku Tambaya Mu Amsa: Wace mace aka fara zaɓa shugabar ƙasa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya da iyali. Ni malamar Faransanci ce a wata lise, wato makarantar sakandare, a nan Garwa, shekaranjiya gardama ta kaure tsakanina da wani abokin aiki a ɗakin malamai, shi ya kafe wai Ellen Johnson Sirleaf ta Laberiya ce mace ta farko da aka zaɓa shugabar ƙasa a duniya, ni kuma na taɓa ji a rediyo cewa wata ce a Aisilan, wai ita ma malamar Faransanci ce irina, sai ya ce ai son kai ne ya sa na ƙirƙiro ta. Don Allah ka raba mana gardama. Daga wata mai karatu, Garwa.

AMSA: Wa alaikumus salam Malama. To ke ce da gaskiya, ba ƙirƙira kika yi ba. Sunanta Vigdis Finnbogadottir, an haife ta a Rekyabik babban birnin Aisilan, wani tsibiri a arewacin Turai, a 1930, kuma a watan Yuni na 1980 aka zaɓe ta, shekara 25 kenan kafin zaɓen Sirleaf na 2005. Amma shi ma malam bai yi nisa da hanya ba, Sirleaf ce ta farko da aka zaɓa a Afirka. Idan kuma wani ya kawo miki Isabel Peron ta Ajantina a 1974, ki ce masa wannan gadon kujera ta yi da mijinta ya rasu tana mataimakiyarsa.

Kar dogon sunan ya ba ki tsoro, irin namu ne sak. Su can "dottir" na nufin 'yar wane, "son" kuma ɗan wane, kin ga Finnbogadottir kawai 'yar Finnbogi ce, kamar yadda muke cewa ɗan Fodiyo. Babanta injiniya ne, mamarta nas.

Maganar Faransanci ma haka take. Ta yi karatu a Grenoble da jami'ar Sorbonne a Paris, ta dawo gida tana koyarwa a sakandare har da darasi a talabijin, daga nan ne ma mutane suka san fuskarta, sannan daga 1972 zuwa 1980 ta shugabanci kamfanin wasan kwaikwayo na Rekyabik. Bata taɓa zama 'yar majalisa ko minista ba. Ga shi bazawara ce, aurenta ya mutu tun da daɗewa, 'yarta ɗaya ita ma ta riƙo ce, kuma ita ce mace marar miji ta farko da hukumar ƙasar ta yarda ta ɗauki riƙon yaro. Ki duba fa, a ce yau a unguwarmu bazawara mai 'yar riƙo ta ce zata tsaya takarar ko da magajin gari ne, ai kafin la'asar an gama da ita a majalisar shayi.

Abin da ya share mata hanya shi ne ranar 24 ga Oktoba 1975, ranar da kusan kashi 90 cikin ɗari na matan ƙasar suka ajiye aiki, babu ofis babu girki babu raino, maza suka kwashi yara suka tafi da su wajen aiki, ƙasa ta tsaya cak. Da zaɓen 1980 ya zo sai aka ce lallai a samu mace cikin 'yan takara, aka yi ta matsa mata har ta yarda. Maza uku ta kara da su, kuma da kyar ta sha, ta samu kashi 33.8 na biyu yana da 32.3. Duk mutanen ƙasar a lokacin wajen 230,000 ne, basu kai Garwa ta yau ba.

Sai dai in faɗa miki gaskiya don kar malam ya kama ki a nan, shugaban ƙasa a Aisilan ba irin na Yawunde ko Injamena bane, firaminista da majalisarsu Althingi ke riƙe da mulki, shi nasa sa hannu a doka da wakiltar ƙasa. Ko a 1985 da aka kawo mata dokar hana ma'aikatan cikin jirgin sama yajin aiki, daidai ranar cika shekara goma da yajin matan, ta ɗan ja ƙafa amma a ƙarshe ta sa hannu. Ni inda take burge ni shi ne harshe, mace da ta ƙware a harshen wasu amma kullum maganarta a kan kare nasu ne, ƙaramin harshe da ko kwamfuta sai da suka ƙera mata sunan gida, "tölva". Wannan ya sa UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta naɗa ta jakadiyar harsuna a 1998. Tana kuma son dashen itatuwa don ƙasar tasu kusan fayau take.

Shekara 16 ta yi a kujera, sau biyu ma babu wanda ya fito ya kara da ita, a 1996 ta ce ya isa bata sake tsayawa ba. Mace bata sake hawa ba sai 2024 da aka zaɓi Halla Tomasdottir. Ki gaida mana malam, ki nuna masa wannan shafin amma a hankali, kar ki yi masa dariya a gaban ɗalibai.