Filin Tambayi Makaniki: Zan iya canza sensar oksijin da kaina a gida?

Tambaya: Assalamu alaikum Maigida, da fatan an wuni lafiya ya aiki ya zafi. Ni malamin makaranta ne a unguwar Birni, ina da Corolla 2005 'yar Kwatano, to kwanan nan wutar nan mai ruwan ɗorawa mai siffar inji ta kama a tablo ta ƙi mutuwa, kuma mai take sha ba kaɗan ba, da can in je Mirya in dawo allura ko motsi ba ta yi amma yanzu sai ka ga ta sauka. Makaniki ya leƙa kawai ya ce sensar oksijin ce, kuɗin da ya faɗa min da na aiki ya fi ƙarfina a wannan wata. Dan Allah in na sayi sensar zan iya ɗaurawa da kaina a gida?

Amsa: Wa'alaikumus salam Malam, Allah ya ƙara basira. Eh za ka iya, aikin bai fi cire buji wahala ba in dai ba ta cije ba. Amma kalmar nan da ka ce "ya leƙa kawai" ita ta tsaya min a rai, domin ba a gane sensa ta mutu da ido, ko wane ne kuwa. Kafin ka fitar da ko dala ka sa a jona wa motar kwamfuta. Motocin fetur da aka yi wa Turai tun 2001, na Amurka kuma tun 1996, duk suna da soket mai rami 16 a ƙarƙashin sitiyari, masu wayarin da yawa a garin nan suna da na'urar, kai ma za ka iya sayen ƙaramar nan ELM327 ka haɗa da wayarka ta Bluetooth. Lambar da ta fito ita za ta faɗa maka inda za ka dosa. In ka ga P0130 zuwa P0135 maganar sensa ta gaba ake, P0136 zuwa P0141 kuma ta baya ce. In kuwa P0171 ko P0172 ka gani, to ka dakata tukuna, sensar tana ba da labari ne cewa haɗin mai da iska ya ɓaci, ba ta ce ita ce ta lalace ba.

Aikinta kamar uwargida ce mai ɗanɗana miya, ta ce gishiri ya yi yawa ko ya yi kaɗan. Injin fetur yana son iska kashi 14.7 a kan mai kashi 1, sensar tana zaune cikin bututun hayaƙi tana auna iskar da ta rage bayan ƙonewa, ta aika wa ƙwaƙwalwar mota 'yar wuta tsakanin bolt 0.1 da 0.9, ƙwaƙwalwa kuma ta ƙara mai ko ta rage, haka suke yi ba tsayawa muddin inji na tafiya. Kamfanin Bosch ne ya fito da ita, Volvo ta fara sa ta a mota a 1976, kaga ba sabon abu ba ne, mu ne dai muka daɗe da kafireto. To in mai ɗanɗano ta ce miya ta yi gishiri ai ba korarta za ka yi ba sai ka duba tukunya. A nan Damagaram tukunyar ita ce filtar iska da ƙura ta toshe, musamman bayan hunturu, da tiyon iska da rana ta busar ya tsage, da buji da suka gaji, da salansa mai huji kafin wurin sensar. Wannan na ƙarshen shi ya fi yaudarar mutane, iska na shiga ta hujin, sensa ta ɗauka mai ya yi kaɗan, ƙwaƙwalwa ta yi ta ɗura mai, kai kuma ka sayi sabuwar sensa ka ɗaura gobe wutar ta dawo ka ce an sayar maka jabu. Haka in lambar P0135 ce ko P0141, wato hitar da ke cikinta, duba fiyus da soket tukuna, sau da yawa ɓera ne ya ci waya.

To a ce an tabbatar ita ce. Motarka sensa biyu gare ta, ɗaya kafin katalis, wato tukunyar da ke tace hayaƙi a jikin bututun, ɗaya bayansa, kuma wadda ke taɓa shan mai ita ce ta gaba, ta baya aikinta galibi sa ido kan katalis ne. A irin injin Corollarka bututun hayaƙi ta bayan inji ya fita, ɓangaren gilashin gaba, saboda haka za ka miƙa hannu ta sama ko ka shiga ta ƙasa. Ka cire soket ɗin tsohuwar ka ɗauki hotonsa, ka karanto lambar da ke jikinta, da su za ka je shago. Kar ka yarda da "duk ɗaya ne", wasu Toyota sensarsu ta gaba wani iri ne daban mai auna haɗin dalla-dalla, ita ma waya huɗu gare ta, a ido kamar tagwaye amma in ka musanya motar ba za ta yi daidai ba.

Kayan aiki: sifana 22 mai zobe ko soket na sensa mai tsaga a gefe inda waya ke bi, da man feshin sassauta tsatsa irin WD-40, da safar hannu. Da daddare ka fesa man a gindin sensar ka bar shi ya kwana, da safe ka ƙara. Ka tada mota minti biyu ko uku kawai bututun ya yi ɗumi, ba zafi ba, ka kashe ka zare makulli. Wallahi Malam kar ka taɓa wurin nan bayan ka dawo daga tafiya, fatar hannu yake ɗebewa.

In sai ka ɗaga motar, nan ne nake roƙonka da Allah. Tsakar gidajenmu rairayi ne, jak yana nutsewa ko ya goce ba sallama. Ka nemi daɓen siminti, ka ja birkin hannu, ka sa dutse a tayoyin baya, ka tokare motar da ƙafar ƙarfe ko gungumen katako mai kauri, ba bulo ba domin bulo fashewa yake. In ba ka da wannan ka je wurin masu wankin mota ko masu juye ka roƙi ramin su na rabin awa, ya fi maka.

Fara da cire soket ɗin waya, akwai ɗan harshe da ake dannawa, robar ta sha zafi shekara da shekaru saboda haka a hankali kar ta karye, ta baya kuma a Toyota da yawa wayarta ta huda ƙasan mota ta shiga ciki, soket ɗin yana ƙarƙashin kafet. Kar ka kwance sensa waya na jone, murɗewa za ta yi. Sai ka zura sifana ta zauna sosai ka juya hagu. Abin da ke aiki shi ne bugu ɗaya mai ƙarfi da tafin hannu a ƙarshen sifanar, ba ja a hankali ba. In ta motsa kaɗan ta sake cijewa kar ka yi mata dole, mayar da ita dama kaɗan, fesa mai, sake hagu, haka haka har ta fito. Sifana mai buɗaɗɗen baki ita ke cinye kan sensa ta mayar da shi kamar ƙwallo, daga nan kuma sai mai walda. In ka tabbata tsohuwar ta mutu babu komawa, yanke wayarta ka zura soket 22 mai tsawo, ya fi kamawa. In duk ka yi ta ƙi, tsaya nan, kai wa mai salansa ya gasa gindin da wuta ya cire, kar ka kunna wuta ƙarƙashin mota a gida kusa da tiyon mai. Motocin da suka zauna Turai sun sha gishirin hanya lokacin ƙanƙara, wasu sensar da bututun sun zama abu ɗaya, ba gazawarka ba ce.

Wajen ɗaurawa nan ake ɓarna mafi tsada. Goge ramin da tsumma, ka duba haƙoran ɗaurin ba su ci ba. Sabuwa takan zo da ɗan maiko mai toka-toka a haƙoranta, shi ke hana ta cijewa nan gaba, kar ka goge shi, kar kuma ka bari ya taɓa kan mai huji-huji, kan nan ba ya son maiko ko giris ko faɗuwa ƙasa. Ka fara ɗaurawa da yatsu, yatsu kawai, ta shiga juyi uku huɗu sumul. In ta yi tauri tun juyin farko to ta karkace, fito da ita ka sake, in ka sa sifana a haka ka kashe haƙoran bututun kuma aikin ya tashi daga na sensa ya koma na walda. Bayan ta zauna ka ƙara kamar rabin juyi da sifana, masu sifanar awo kuma wajen 44 Nm Toyota ke so. Mayar da waya kan maƙalanta yadda ka same ta kar ta kwanta kan bututu, jona soket har ka ji ƙas. A goge lambar da kwamfuta, ko ka bar ta, in gyaran ya yi wutar kan mutu da kanta bayan 'yan tafiye-tafiye. Cire kan batir ma yana gogewa amma wasu rediyoyin sai sun nemi lambar sirri, ka sani tun wuri.

Tambaya: Maigida barka da aiki. Ni direba ne ina jigila Zinder zuwa Magarya. Yaran gareji sun ce in jiƙa sensa cikin fetur ta kwana za ta dawo sabuwa, gaskiya ne?

Amsa: Ɗan'uwa, fetur zai wanke baƙin da ke waje ta yi kyau a ido, shi ke nan. Abin da ke aunawa wani ɗan tangaran ne a ciki, in ya tsufa ko ya sha guba babu wankin da ke tashinsa, in hita ce ta ƙone kuwa ai ba a ma magana. Abin da ya fi amfani ka kalli launin kan in ka ciro ta. Baƙin toka mai laushi, mai ne ke yawa. Fari kamar alli, galibi gam ɗin silikon ne da ake shafawa a gasket, ko ruwan lagireto na shiga inji. In kuma motar na cin baƙin mai tana hayaƙi shuɗi to sabuwar ma ba za ta yi tsawon rai ba sai an gyara injin. Sai maganar man da kake sha. Tunda matatar SORAZ ta fara aiki a 2011 mai na gidan mai bai yi mana nisa ba, na 'yan ruwa-ruwa kuwa ban ce duka ba shi da kyau ba, amma kwalba da jarka a bakin titi ƙura da ruwa ba sa rasa shiga, wani ma a gauraya, inji ya riƙa ƙona shi rabi-rabi, sensa da katalis su ke shan wahalar. Mai hita in ta samu kula tana kai kilomita 100,000 har fiye.

Tambaya: Ina wuni Maigida. Wata Hajiya ce daga Sabon Gari. An canza min sensa har ta baya a RAV4 amma wutar ta dawo, mai kwamfuta ya ce P0420.

Amsa: Hajiya ina gaisuwa, Allah ya huci zuciyarki. Wannan lambar ta katalis ce, sensar baya ta ga hayaƙin da ya fito bai bambanta da wanda ya shiga ba shi ne ta kai ƙara. Ko dai katalis ɗin ya gaji, ko kuma babu shi gaba ɗaya, domin a cikinsa akwai ƙarafa masu tsada irin su filatinam da faladiyam, ana fasa tukunyar a kwashe a sayar a mayar da walda, wasu motocin tun kafin su iso hannun mai su an yi musu haka. Ki sa mai salansa da kika yarda da shi ya duba ko akwai sabon ɗinkin walda a jikin tukunyar, kuma ki tsaya a wurin ko ki tura yaronki ya tsaya. In babu shi motar za ta yi tafiyarta, sai warin hayaƙi da wutar da ba za ta mutu ba. Abin da ban so shi ne a cire ƙwan wutar ko a liƙe ta da baƙin salatif, ranar da wata matsala ta gaske ta zo ba abin da zai gaya miki.

Tambaya: Oga na samu sensa ta hannu a kasuwar kayan mota amma soket ɗinta bai shiga nawa ba, in yanke in haɗa? Ɗalibi daga Karkada.

Amsa: Yarona, in soket bai shiga ba akwai yiwuwar ba ta motarka ba ce tun asali, fara da duba lamba. In ta tabbata irin ɗaya ce, launin waya ba ɗaya ba ne tsakanin kamfanoni. A Bosch mai waya huɗu baƙa ce ke kai saƙo, toka-toka ce as, wato wayar nagatif, farare biyu na hita. A Denso da ke zuwa cikin Toyota shuɗiya ce saƙo, fara as, baƙaƙe biyu na hita. Kaga wanda ya haɗa baƙi da baƙi fari da fari ya aika wutar batir inda bai kamata ba. Ka yanke ta ɓangaren tsohuwar sensar ka bar wayarin motar lafiya, ka matse haɗin da 'yan bututun ƙarfe na haɗa waya ka rufe da robar da ke tsukewa da zafi, ba murɗawa da salatif ba, zafin wurin narkar da shi yake, dalma ma ba a so a wayar sensa. Kafin ka biya ka sa mitar masu wayarin a wayoyin hita biyun, in ba ta nuna komai ba hitar ta yanke, ajiye musu kayansu. In ta nuna, ka yi sharaɗi da mai shagon a gaban shaida cewa in wutar ta dawo da lambar sensa cikin sati za ka maido.