Na ajiye karatu tun gobarar Taminus, yanzu shekarata 44: ko zan iya zama malami?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mazaunin Jos ne, shekarata 44. Na gama sakandare a 2000 da burin zama malamin lissafi. Ban samu kiredit a Turanci ba, ina shirin sake zama sai rikicin 2001 ya zo, bayansa kuma gobarar kasuwar Taminus ta cinye shagon mahaifinmu. Ni ne babba, sai na ajiye littafi na shiga neman abin da za a ci. Yau ina sayar da kayan gwari a Farin Gada, da mata da 'ya'ya biyar, Alhamdu lillahi. Amma duk daren da na zauna taya yara aikin gida sai abin ya taso mini. Takardar sakamakona ma ta ɓace lokacin da muka sauya unguwa. Abokai suna cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Shin lokaci ya wuce? In bai wuce ba, ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu a waɗancan shekaru, ya musanya wa waɗanda suka yi asara da mafi alheri.

Lokaci bai wuce ba. Babu dokar da ta hana mai shekara 44 zama jarrabawar WAEC ko NECO, kuma sakamakonka na 2000 daɗewa ba ta kashe shi ba. Sai dai ba zan ce maka gemu ba ya hana ilimi in sallame ka haka nan ba. A aikinmu na ilimin manya, waɗanda suke komawa aji su kasa ƙarasawa, da wuya ka tarar ƙwaƙwalwa ce ta gaza musu. Galibi lokaci ne ya ƙi, ko kuɗi ya yanke a tsakiya, ko kuma an fara ba tare da shawara da iyali ba. Nan ne ya kamata ka sa ido.

Fara da takarda, don ita ce ƙofa. Tun 2022 hukumar WAEC ta buɗe hanyar ciro satifiket ta intanet ga waɗanda suka zauna jarrabawa daga 1999 zuwa yau, ka ga in WAEC ka zauna, naka ya shiga ciki. Za a nemi lambar jarrabawarka. In ka manta ta, je tsohuwar makarantarka a duba kundin sakamakon shekarar, ko ka je ofishin WAEC na Jos. Da takardar ta zo hannu, ka ajiye ta gefe ɗaya da katin NIN ɗinka, ka karanta su baƙi bayan baƙi. Mutanenmu da yawa an rubuta musu Muhammad a nan, Mohammed a can, ko ranar haihuwa ta sha bamban, ko sunan gari ya koma sunan uba. Wannan 'yar ƙaramar matsala tana iya cinye wa mutum zangon karatu guda, don haka a gyara ta tun kafin a biya kuɗin kowane fom.

Abin da ake nema don shiga digirin koyar da lissafi shi ne kiredit biyar, da Turanci da lissafi a ciki, a zama ɗaya ko biyu. Tunda Turanci ne ya rage maka, ba sai ka sake gina komai daga tushe ba: ka yi rajistar jarrabawar masu zaman kansu ta WAEC ko ta NECO, ka haɗa sabon sakamako da tsoho. Ka sa a ranka cewa tun 2024 WAEC ta fara yi wa masu zaman kansu jarrabawa a kwamfuta. In hannunka bai saba da ita ba, ka nemi shagon intanet ka riƙa zama, ko babban ɗanka ya koya maka. Ba abin kunya ba ne, kai ma kana koya masa lissafi.

Daga nan hanya ta rabu. Akwai Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa, NTI, mai hedikwata a Kaduna, wadda aka kafa a 1976. Tana ba da takardar shaidar malanta ta NCE ta hanyar karatu daga nesa, ana haɗuwa da malamai a ƙarshen mako, kuma NCE ita ce mafi ƙarancin shaidar da aka yarda mutum ya koyar da ita a Nijeriya. Akwai kuma Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, NOUN, mai hedikwata a Jabi, Abuja, da cibiyar karatu a nan Jos. A can ba sai ka zauna jarrabawar JAMB ba kafin a ɗauke ka, kuma za ka yi digirin koyarwa kana kan sana'arka: littattafan suna intanet, kana yin ayyukan gwaji a cikin zango, sannan ka je cibiya ka zauna jarrabawa. Pankshin da Gindiri suna da makarantun horar da malamai masu tarihi, Jami'ar Jos kuma tana da tsangayar ilimi, amma karatun cikakken lokaci yana son mutum ya bar rumfa, ni kuwa ban ga yadda mai ciyar da baki bakwai zai yi haka ba. Da ni ne kai, NCE ta ƙarshen mako zan fara yi. Dalilina, wanda ya yi shekara ashirin da wani abu rabonsa da aji yana bukatar malami a gabansa da abokan karatu a gefensa, aƙalla a farko. Karatun NOUN yana son mutumin da ya riga ya iya tuƙa kansa. In ka riƙe NCE, kana iya shiga digiri daga aji biyu. Ko wacce ka bi, a ƙarshe sai ka yi rajista da hukumar malamai ta TRCN kafin a kira ka ƙwararren malami.

Za ka ji ana kawo maka misalin Obasanjo, wanda ya farfaɗo da NOUN a 2002 bayan gwamnatin soja ta dakatar da ita a 1984, daga baya kuma shi da kansa ya yi digirin digirgir a cikinta yana da kusan shekara 80. Gaskiya ne, kuma ya isa hujja cewa tsufa ba ya rufe ƙwaƙwalwa. Amma shi ba ya sammakon tarar motar tumatir. Kada ka auna saurinka da nasa.

Sai maganar shekarun da kake gani kamar sun salwanta. Ba na cikin masu cewa kowace masifa makaranta ce. Gobarar Fabrairun 2002 ta durƙusar da gidaje da yawa a Jos, wasu har yau ba su miƙe ba, kuma in zuciyarka tana ciwo idan ka ga sa'o'inka sun zama shugabannin makaranta, wannan ciwon halal ne, ba rashin yarda da ƙaddara ba ne. Amma dubi abin da kake yi kullum kafin rana ta ɗaga. Mota ta tsaya, ka ɗaga murfin kwando ka danna tumatir na sama da yatsa, ka zura hannu ka ji na ƙasa ko ya fara ruwa. Kafin dillali ya gama magana ka riga ka haɗa kuɗin kwando da kuɗin mota da la'ada da na 'yan dako, ka cire abin da zai ruɓe kafin la'asar, ka raba sauran kashi-kashi, ka san nawa za ka sa wa kowane kashi don uwar kuɗi ta fito. Duk a ka kake yin lissafin, ba biro. Wannan shi ne darasin riba da faɗuwa da kaso cikin ɗari da ke sa yaran ƙaramar sakandare gumi. Malamin da ya fito daga kwaleji yana da shekara 23 ya san ƙa'idar a allo. Kai ka san inda take cizo, kuma yaron Gangare ko Anguwar Rogo zai fi saurin ganewa in aka fara masa daga kwando. Ƙara da haƙurin da ciniki ya koya maka, na maimaita magana ɗaya ga mutum goma ba tare da ka ɗaure fuska ba. Rabin aikin aji ke nan.

Akwai abin da ba zan ɓoye maka ba. In burin ya haɗa da albashin gwamnati, ka rage dogon buri. Dokar 2022 ta kai shekarun ritayar malamai 65 ko shekara 40 na aiki, ka ga a takarda kana da sauran shekaru masu kauri bayan ka gama. Amma ɗaukar aiki ba kullum ake yi ba, wani lokacin kuma a sa iyakar shekaru. Makarantun kuɗi na unguwa suna ɗauka, sai dai abin da yawancinsu ke biya ba lallai ya kamo ribar rumfarka ba. Bautar ƙasa kuwa ba ta hau kanka ba, wanda ya haura 30 a lokacin gamawa ba a tura shi. Don haka ka tambayi kanka wanne kake so: satifiket, ko albashi, ko tsayuwa gaban yara. In na ukun ne, akwai hanyar gwadawa tun yanzu. Je wurin shugaban Islamiyyar unguwarku ka ce za ka riƙa koya wa 'yan aji shida lissafi Asabar da Lahadi, kyauta, tsawon zango guda. Koya wa ɗanka da daddare daban, riƙe yara arba'in masu surutu daban. Wasu suna gwadawa su ga ashe karatun suke so ba koyarwar ba, kuma gara a gane haka kafin a kashe kuɗin rajista.

Game da karatun kansa, babba ba ya haddace abu da saurin yaro, amma ya fi shi gane dalili da haɗa sabo da abin da ya sani. Abin da aka tabbatar tun binciken Bajamushen nan Ebbinghaus a 1885 shi ne, mantuwa ta fi gudu a kwanakin farko bayan an koyi abu, kuma bita a rarrabe ita ke tare ta. Saboda haka minti arba'in kullum ya fi awa biyar ranar Lahadi. Tunda asubarka ta kasuwa ce, ka kama tsakanin Magariba da Isha ko bayan Isha kaɗan, kafin gajiya ta ci ƙarfinka. Kada ka yi ta karanta littafi kana gyaɗa kai. Rufe shi ka amsa tambayoyin shekarun baya, ka duba inda ka faɗi. Turanci kuma, inda aka fi zubar da maki shi ne rubuta insha'i da taƙaita labari, su kuwa ba sa gyaruwa sai da rubutu: shafi ɗaya duk mako, ka samu wani malami ya bi maka da jan biro.

Kuɗin makaranta kada ya fito daga jarin rumfa, ko sau ɗaya. Shiga adashi na musamman, ka roƙi a ba ka kwasa a watan rajista. Uwargida kuma a zauna da ita tun kafin a sayi fom, a faɗa mata shekara nawa abin zai ɗauka da abin da zai ragu a gida, domin hirar dare da cefanen ƙarshen mako nata ne za a taɓa. Matar da aka yi shawara da ita ita za ta riƙa kore maka yara lokacin karatu. Wadda ta ji labari a bakin maƙwabta kuwa, kowane littafi da ka shigo da shi kishiya ne.

Ka kuma dubi kalandar kasuwa da ta makaranta tare. In jarrabawa ta faɗo lokacin da kaya suka cika Farin Gada, ka tanadi ƙane ko amintaccen yaro da zai riƙe rumfa na makonnin, ka fara sakar masa ciniki tun yanzu don ya san masu sayenka. In wata shekara ta zo da rashin lafiya ko asara har ba za ka iya biya ba, kada ka ɓace shiru. Je ofishin cibiyar ka rubuta takardar neman ɗage zango, ka karɓi kwafi mai hatimi ka adana tare da satifiket ɗinka.