Ɗanyen nama ga karen gadi: wanne za a ba shi, wanne za a hana shi?

Tambaya: Ina da kare mai gadin tumaki a bayan garin Gadarif da ke Sudan, nauyinsa kilo 20. Mahauta na ba ni huhu da hanta da tumbi a araha. Zan iya riƙe shi da su ɗanye? Daga wani makiyayi.

Amsa: Malam, ɗanyen nama kare na iya ci, amma abin da aka ba ka a araha shi ne mafi haɗari. Huhu da hantar tumaki, shanu da raƙuma kan ɗauki wani ƙullutu mai ruwa a ciki, wanda likitoci a nan ke kira akyas ma'iyya. In kare ya ci, tsutsa ta girma a hanjinsa, ƙwayayenta su fita ta kashi, su hau ciyawa da hannun yara. Shi karen lafiyarsa ƙalau za ka gani. Mutum kuwa sai bayan shekaru ƙullutun ya bayyana a hantarsa, sau da yawa sai an yi tiyata. Don haka kayan ciki a tafasa su minti 30, wanda aka ga ƙullutu a jikinsa kuma a ƙone ko a binne da zurfi. Firiza ba ta kashe salmonela, ƙwayar cutar da akan samu a ɗanyen nama, ballantana inda wuta ke zuwa tana tafiya.

Babban kare na cin kashi 2 zuwa 3 cikin 100 na nauyinsa a yini. Naka ke nan giram 500: tsoka 400, ƙashi mai laushi kamar wuyan kaza 50, kayan ciki 50, hanta kada ta wuce rabinsu, don in ta yi yawa zawo take sawa. Raba shi safe da yamma. Shafa haƙarƙarinsa bayan mako 2: in sai ka danna kafin ka ji ƙashi, rage.

Dafaffen ƙashi kada ya kusance shi, tsagewa yake yi ya huda hanji. Haka sauran miya mai albasa ko tafarnuwa, da zabibi.

Kwikwiyo dai ban yarda a haɗa masa irin wannan abincin a gida ba. Tsoka zalla ba ta da sinadarin gina ƙashi, ƙafafunsa sai su lanƙwashe.

A zafin Gadarif, abin da bai cinye cikin minti 20 ba a kwashe, a wanke kwanonsa daban da na gida. Sannan likitan dabbobi ya ba shi maganin tsutsar ciki mai suna praziquantel, miligiram 5 ga kowane kilo, aƙalla sau 4 a shekara.