Allurar mura: in kai yarana Kano ko in haƙura?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Hajiya, ina gaisuwa, ya aiki? Ni uwar yara biyu ce, muna zaune a wani ƙauye a yankin Gumel. Babbar shekararta 3, tana da sikila. Ƙaramin watansa 14, lafiyarsa lau, sai dai majina ba ta barin hancinsa. Yayata da ke aure a Kano ta zo suna, ta ce ita duk shekara tana kai 'ya'yanta asibitin kuɗi a yi musu allurar rigakafin mura, ta ce in kawo nawa kafin hunturu ya shigo. Na tambaya a asibitin garinmu, suka ce ba su da ita. Uwar mijina ta ce tun da take ba ta taɓa jin an yi wa mura allura ba, kuma allurai sun yi wa yaran yanzu yawa. Maigida ya ce in ta zama dole zai kai akuya kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Ba zan ɓoye miki ba Hajiya, shi ƙaramin ko allurar wata 9 ba mu kai shi ba, ta faɗo lokacin aikin gona. Me zan yi?

Daga wata uwa, yankin Gumel, jihar Jigawa

AMSA

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya raya miki su, ya ba yarinyar lafiya.

Layin ƙarshe na wasiƙarki shi ya fi tsaya mini a rai, don haka da shi zan fara. Kafin a taɓa akuya, kafin a yi zancen motar Kano, ki ɗauki katin yaron nan ki kai shi asibitin garinku ranar rigakafi ta wannan makon. A wata 9 ake yin allurar ƙyanda da ta shawara da ta sanƙarau, kuma kyauta ne. Bai makara ba, za su yi masa, su rubuta miki ranar da za ki koma domin ƙyanda ta biyu. Ki sa ma'aikaciyar ta duba ko ya samu penta (allurar da ta haɗa rigakafin cututtuka biyar) sau uku da allurar ciwon huhu, waɗanda ake yi a mako 6 da 10 da 14. Na yi shekaru ina aiki a ƙananan asibitocin karkara, kuma yaran da na ga an fita da su a naɗe cikin zane yawancinsu ƙyanda ce da ciwon huhu da gudawa da zazzaɓin cizon sauro suka ɗauke su. Kin kuma ji yadda mashaƙo ya yi ɓarna a Kano a 2023. Rigakafinsa yana cikin penta ɗin nan da ake yi ba ko sisi.

To, ga batun allurar mura. Uwar mijinki tana da rabin gaskiya, kuma ki faɗa mata haka, domin za ta fi sauraronki. Mu Hausawa kalma ɗaya muke kiran cututtuka biyu da ita. Akwai murar yau da kullum, ta majina da atishawa da ɗan tari, wadda yaro ke yi yana wasansa a tsakar gida. Wannan ƙwayoyin da ke kawo ta sun fi a ƙirga, kuma ba ta da allura ko a Makka ko a Ingila. Majinar ɗanki irin wannan ce, ko an yi masa allurar ba za ta daina ba. Akwai kuma wadda likitoci ke kira infuluwenza. Ita kamu take yi farat ɗaya: yaro ya tashi lafiya da safe, kafin la'asar jikinsa ya yi zafi rau, ya kwanta ya ƙi abinci, tari ya biyo baya, babba kuwa ya ce ƙasusuwansa kamar an yi masa duka. Ita ce ke sauka huhu. Ki tambayi tsohuwar ko ta taɓa jin manya suna zancen shekarar marisuwa. Kakata takan ba mu labarinta. Annobar 1918 ce, ta sauka Legas ta jirgin ruwa, ta biyo layin dogo har Kano, ta cinye mutane masu ɗimbin yawa. Wannan infuluwenza ce. Wadda ke zagayowa kowace shekara ba ta kai wancan muni ba, amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana kashe mutum 290,000 zuwa 650,000 a shekara a duniya.

Asibitinku ba ƙarya suka yi miki ba. Allurar ba ta cikin jerin rigakafin da gwamnati ke yi wa yara kyauta a Najeriya, sai a wasu asibitocin kuɗi na birni. Wani ma'aikaci zai iya ce miki ai akwai infuluwenza a cikin penta. Sunan ne ya zo ɗaya. Waccan wata ƙwaya ce daban mai kawo sanƙarau da ciwon huhu, wadda likitocin zamanin da suka zaci ita ke kawo mura, suka laƙaba mata sunan, ya bi ta har yau.

Ita allurar, ga yadda take. Ana fara yi wa yaro daga wata 6. Yaron da bai kai shekara 9 ba, in karon farko ne, sau biyu ake yi masa, da tazarar mako 4. Ki lura da wannan, domin tafiya biyu ke nan da kuɗin mota biyu. Bayan haka sau ɗaya ce kowace shekara, saboda ƙwayar tana sauya kama, har sai masana sun zauna sau biyu a shekara, a Fabrairu da Satumba, sun zaɓi irin da za a haɗa allurar da su. Sai ta yi kamar mako 2 a jiki kafin ta fara aiki. Ba ta hana cutar ɗari bisa ɗari. A shekarar da ta dace da ƙwayar da ke yawo, tana rage haɗarin kamuwa da wajen rabi, wanda kuma ya kamu yawanci cutar takan zo masa da sauƙi. Wurin allurar kan yi tsami, wani yaron ya yi ɗan zazzaɓi na kwana ɗaya ko biyu. Ba ta sa mura, domin ƙwayar da ke cikinta ba mai rai ba ce.

Na san inda tsoron tsofaffinmu ya samo asali. Gwajin maganin Trovan da aka yi kan yara a Kano a 1996 ya bar tabo, har aka dakatar da rigakafin shan inna a 2003, yara da yawa suka shanye a sanadin haka. Ba na raina mai wannan tsoron. Amma allurar mura ba sabuwar aba ce da ake gwadawa a kanmu ba. An shafe sama da shekara 70 ana yin ta, kuma hukumomin Saudiyya da kansu suna shawartar alhazai su yi ta kafin su tafi aikin hajji.

Yanzu ga ra'ayina a kan yaranki, kowa da nasa. Yarinyar ita ce mai buƙata. Sikila tana lalata saifa tun yaro yana ƙarami, sai jiki ya rasa mai tare masa ƙwayoyin cuta. Murar da ƙaninta zai yi kwana biyar ya miƙe, ita tana iya tayar mata da ciwon ƙashi, ko ta sauka ƙirji ta hana ta numfashi, har a kai ga ƙarin jini. Na taɓa kwana a kan wata yarinya mai sikila sa'ar 'yarki, cikin sanyin Janairu, wadda uwarta ta ce mura ce kawai shekaranjiya. Ta rayu, alhamdu lillahi, amma abin da suka kashe ya fi kuɗin akuya nesa ba kusa ba. In da hali, a yi mata. Ki fara kai maganar wurin likitan da ke duba ta a asibitin sikila, ya gaya miki inda ake samun ta mai kyau, ku kuma tambayi kuɗin allura biyun tun kafin ku hau mota. Kada ki yarda wani mai kemis ko mai yawo da jaka ya soka mata. Allura ce mai son sanyi, tsakanin digiri 2 zuwa 8, in ta sha rana ta zama ruwa. A nuna miki kwanan watan ƙarewarta. In ranar tana zazzaɓi mai zafi a ɗaga, in kuma cin ƙwai yana sa ta kumburi ki faɗa wa likitan.

Shi yaron kuwa, yana cikin shekarun da ake so a yi wa, ƙasa da 5, kuma in bai kamu ba bai kawo wa yayarsa ba. In kuɗin ya isa biyu, madalla. In na ɗaya ne, a ba ta. Ba zan ce ku ci bashi dominsa ba alhali katinsa na kyauta ma bai cika ba.

Ko an yi allura ko ba a yi ba, akwai abin da nake so ki riƙe. Duk zazzaɓin da ya kama mai sikila, ranar za a kai ta asibiti, ba a jiran gobe. A gwada jininta a ga ko na sauro ne. Kada ki ba yaro asfirin, farasitamol daidai nauyinsa ya isa, kuma jan kafso ba ya kashe ƙwayar mura. In yaro yana tari, ki ɗaga rigarsa yana kwance shiru ki ƙirga numfashinsa na minti ɗaya da agogon waya. Wanda ya wuce shekara 1, in ya kai 40, ko kika ga ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa ciki, ko ya ƙi shan komai, ko ya fara jijjiga, a nemo babur ko da tsakar dare ne. In sanyi ya matsa, kada a kwana da garwashi a ɗaki a rufe, hayaƙin yana cin huhunsu. Ki kuma riƙa ba yarinyar ruwa da yawa da magungunanta na kullum.

Ki gaida maigida, ki ce na yaba masa. Ki gaida Inna ma, ki roƙe ta ta raka ki ranar rigakafin, ta riƙe jikanta da hannunta. In kun dawo daga wurin likita ki rubuto mini abin da ya ce.