Gaiwa ma cikin kifaye marasa muƙamuƙi take?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗaliba ce a Maradi. An koya mana cewa akwai kifaye marasa muƙamuƙi, masu dogon jiki da santsi. Gaiwar da masunta ke kawowa daga tafkin Madarunfa tana cikinsu?

Amsa: A'a, ɗiyata, tsawon jiki ne ya ruɗe ki. Ki buɗe bakin gaiwa (matacciya, don mai rai tana cizo), za ki ga muƙamuƙin ƙasa yana hawa yana sauka. Tana da siraran fikafikai biyu gaba, biyu baya, ga kuma huhu da take shaƙar iska da shi idan ta shige laka da rani. Tarwaɗa ma mai muƙamuƙi ce.

Marasa muƙamuƙi da suka rage a duniya gida biyu ne kawai, waɗanda littafinku na Faransanci ke kira lamproie da myxine. Duka babu ɓawo a jikinsu, babu fikafikai bibbiyu, ƙofar hanci ɗaya ce, kuma guringuntsi gare su maimakon ƙashi.

Lamproie, mai nau'i wajen 40, bakinta zagayayye ne cike da haƙora na sinadarin farce, da ramukan numfashi 7 a kowane gefe. Wasu nau'o'in sukan manne wa kifi kamar matsattsaku, su kankare fata da harshe, su sha jini, yawunsu na hana jinin daskarewa. Ƴaƴanta kuwa sai su yi shekaru binne cikin lakar kogi, makafi, suna tace abinci daga ruwa. Ba sa jure ruwa mai ɗumi, shi ya sa ba za ki same ta a Gulbin Maradi ba. Lamproie ta teku ce ta bi mashigin Welland, hanyar ruwa da aka haƙa wa jiragen ruwa a Kanada, ta shiga manyan tafkunan Amurka da Kanada, ta durƙusar da kamun kifi a can.

Myxine a ƙasan teku take, tana cin mushe da tsutsotsi. Aka kama ta sai ta saki yauƙi mai toshe wa maƙiyi numfashi, ta ƙulla jikinta ta zame.

Wajen rarrabewa ne ɗalibai ke faɗuwa. Tsofaffin littattafai sun ware myxine gefe don ba ta da cikakken ƙashin baya, amma binciken ƙwayoyin gado ya nuna ita da lamproie dangi ne na kusa. Ki rubuta su tare ƙarƙashin rukunin Cyclostomata, wato masu zagayayyen baki.