Kwandon Gawayi ko Kwandon Garwashi? Amsoshin Tambayoyinku kan Kalmomin Wuta da Gashi

Da alama ƙaratowar Babbar Sallah ce ta sa tambayoyin wannan makon kusan duka suka karkata ga wuta da nama. Na zaɓi waɗanda suka shafi harshe, na bar masu neman a koya musu haɗin yaji, domin wannan ba fagena ba ne.

Daga Kaduna: Malam, na sa mai walda ya tsaga mini durom gida biyu ya yi masa ƙafafu, don gashin nama a bayan gida. Yanzu ina so ya ƙera mini wani ɗan akwati na ragar ƙarfe wanda za a riƙa zuba gawayi a ciki a ajiye a cikin durom ɗin. Da na ce masa kwandon gawayi nake so, sai ya yi dariya ya ce in nufi wurin masu saƙa. Mene ne sunan abin na daidai?

Mai waldan nan yana da rabin gaskiya, kai ma kana da rabi. Kalmar kwando ta daɗe da fita daga hannun masu saƙar kaba da gwangwala, tun da muna cewa kwandon roba da kwandon shara, har ma da ƙwallon kwando, wadda kwandonta zoben ƙarfe ne da raga. Abin da kalmar ta riƙe shi ne siffa da aiki, wato abu mai zurfi mai ƙofofi, wanda yake tare abu mai ƙwari ya bar ruwa ko gari ya zube, shi ya sa ake kwatanta aikin banza da tara ruwa a kwando. Ta wannan fuskar ba ka yi kuskure ba, domin ainihin aikin abin da kake nema ke nan: ya riƙe wuta wuri guda, toka ta zube ƙasa, iska ta shiga ta ko'ina.

Inda ka zame shi ne kalma ta biyu. Duk Bahaushen da ya ji kwandon gawayi, abin da zai faɗo masa a rai shi ne mazubin da ake sayo gawayi a ciki ko ake ajiye shi, daidai da buhun gawayi ko tiyar gawayi, kuma wannan ko da kaba aka saƙa shi zai yi. Gawayi baƙi ne, mai sanyi ne, yaro ma yana ɗaukarsa da hannu ya yi zane a bango. Da zarar ya kama ya yi ja, ya tashi daga gawayi ya koma garwashi. To, da ka ce wa mai walda kwandon garwashi kake so, da bai tura ka wurin masu saƙa ba, domin kowa ya san kaba ba ta ɗaukar garwashi, saboda haka kalmar da kanta ta riga ta sanar cewa ƙarfe ake nufi. Wannan shi ne sunan da na zaɓa, kuma ina ganin ya fi ragar gawayi da wasu suke cewa, saboda a wurin gashi akwai wata raga ta daban, wadda ake shimfiɗa nama a kanta, kuma bai kamata abu biyu su yi tarayya a suna ɗaya a cikin durom guda ba.

Tun da za ka koma wurinsa, ka tafi da kalmomin da zai gane. Ka ce ragar baƙin ƙarfe marar fenti kake so, a ɗaure ta da rodi ta gefe don kada zafi ya lanƙwasa ta. Ka guji farar wayar nan mai ƙyalli da ake yin shinge da kejin kaji da ita, domin tutiya aka shafe ta da ita, irin ta kwanon rufi, kuma in ta sha wuta tana fitar da farin hayaƙi mai sa zazzaɓi da ciwon kai. Ni kaina na taɓa yin wannan wauta shekarun baya, na yanko saurar wayar shinge na naɗe ta na zuba gawayi. Kafin naman ya yi ja, wayar ta yi fari-fari kamar an barbaɗa mata alli, ni kuwa na kwana da ciwon kai, nama kuma ya tafi ga karnukan unguwa. Idon ragar kada ya wuce kamar rabin inci, in ba haka ba ƙananan garwashi za su zube tun ba su gama aiki ba. A yi wa kwandon gajerun ƙafafu, kamar inci biyu, don toka ta sami wurin taruwa ba tare da ta toshe iska ba. Kada kuma ya cika durom ɗin, rabi ko abin da bai kai rabi ba ya isa, yadda za ka sami ɓangare mai tsananin zafi da ɓangaren da nama zai nuna a hankali.

Daga Zariya: Mene ne bambancin murhu da kurfoti da mangal?

Murhu shi ne namu na asali, duwatsu uku da ake girka tukunya a kai, wanda kacici-kacici ya ce uku-uku ta gama gari. Daga baya ma'anarsa ta faɗaɗa ta rufe duk abin da ake dafa abinci a kansa, har ana cewa murhun gas. Sauran biyun baƙi ne da suka zama 'yan gida. Kurfoti daga Turanci ya zo, haɗin kalmarsu ta kwal da kalmarsu ta tukunya, sai bakin Bahaushe ya yi masa irin gyaran da ya yi wa fensir da tebur, inda harafin l ya koma r, harafin p kuma ya koma f. Mangal daga Larabci ne, daga tushen da ya ba mu naƙali da naƙaltowa, wato ɗauke abu daga wuri zuwa wuri, domin wuta ce da ake ɗauka a kai duk inda ake so. Turkawa ma da wannan suna suke kiransa. A Nijar za ka ji furno, daga Faransanci, kuma ɗan furnon da masu shayi suke saƙawa da waya su ɗora buta a kai shi ne ɗan'uwa mafi kusa ga abin da mai tambayar Kaduna yake nema. Hausawan Sudan kuwa sun saba da kanun na Larabawan can. Akwai kuma wanda ake kira abaca, sunan da ya samo asali daga wahalar kananzir a zamanin mulkin Janar Sani Abacha, tsakanin 1993 da 1998, lokacin da matan gida suka koma ga murhun da ake cusa wa garin katako ko gawayi.

Bari in ƙara abu ɗaya game da mangal, domin a nan kalma tana yaudarar mutane. Ana cewa gawayi ba ya hayaƙi, sai a ɗauka ba ya cutarwa, a shiga da mangal ɗaki lokacin hunturu a rufe ƙofa da taga. Hayaƙi a Hausa abin da ido yake gani ne, amma garwashi yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da launi ba ta da wari, kuma tana kashe mai barci ba tare da ya farka ba. Kwandon garwashi da mangal duka wurinsu tsakar gida ne.

Daga Maraɗi: Mene ne jam'in murhu?

Murahu. Masu cewa murfu kuma su ce murafu, kuma duka daidai ne.

Daga Abuja: Malam, shin suya da tsire abu ɗaya ne? 'Ya'yana kullum suya suke cewa.

Hajiya, ki gyara musu tun da wuri. Suya daga soya take, kuma soyawa a kasko ko tukunya ake yi, galibi da mai, shi ya sa muke da suyar nama ranar Sallah da suyar ƙwai da soyayyar doya. Abin da aka kara a wuta ba tare da an tsoma shi a mai ba, gasa shi aka yi, aikin kuma gashi ne. Tsire nama ne da aka fere aka tsire a tsinke, aka shafe da garin ƙuli-ƙuli da yaji, sunansa ma daga tsirewar ya fito. Balangu kuwa ba ya da tsinke, a kan raga ake gasa shi a yanka wa mai saye. Mutanen kudu ne suka ɗauki kalmar suya suka lulluɓe tsire da balangu da ita, ta bi su Legas, ta haye har Ingila da Amurka. Ban ga laifinsu ba, domin wanda ya ari kalma yana da ikon juya ta yadda ya ga dama a harshensa. Abin da yake ba ni haushi shi ne ɗan Bahaushe ya karɓo kalmarsa da aka juya a waje, ya dawo da ita gida yana kiran mai tsire da mai suya a gaban Sarkin Fawa.

Hausa ba ta yi rowar kalmomi a wannan fage ba. Ana toya ƙosai da waina, ana babbake kai da ƙafa don gashin jikinsu ya ƙone, ana banda kifi da hayaƙi don ya daɗe, ana turara dambu da tururi. Wanda ya haɗe waɗannan duka ya kira su suya ya zubar da dukiya mai yawa.

Kuma tun da maganar tsire ta taso, akwai kalmar da nake tsoron za ta ɓace, wato tukuba. Tudun toka ne da mai tsire yake tarawa ya daddaɓe, ya hura wuta a tsakiya, sannan ya kakkafa tsinkayen a kewaye, kowanne ya ɗan sunkuya wajen wutar. Duk wanda ya taɓa tsayawa a gabanta da almuru ya ga yadda mai tsire yake zagayawa yana murza tsinke ɗaya bayan ɗaya da yatsu biyu, yana yayyafa man gyaɗa, man yana gangarowa ya nutse a toka maimakon ya ɗiga a wuta ya tayar da harshe. Naman ba ya taɓa wuta, zafinta kawai yake sha daga gefe. Masu ƙera kwandon garwashi don a tara wuta gefe guda a ajiye nama a ɗaya gefen, hikimar tukuba ce suke maimaitawa da ƙarfe.

Daga Kumasi: Rushi da garwashi duk ɗaya ne?

A'a. Garwashi jajayen gutattsarin ne da ake iya ɗauka da cokali a sa a kaskon turare. Rushi shi ne zazzafar tokar da ta gauraye da ƙananan garwashi bayan wuta ta lafa, inda ake binne rogo ko dankali.

Daga Sakkwato: Na ji wani mai sharhi a rediyo ya ce, "Hausawa na cewa babu hayaƙi sai da wuta." Karin maganarmu ce?

Hausawa ba su ce ba, shi ne ya ce. Maganar Turawa ce aka yi mata riga da hula, kuma abin takaicin shi ne muna da namu da suka fi ta armashi: ruwa ba ya tsami banza, ko kuma banza ba ta kai zomo kasuwa. Ba na hana aro, amma wanda ya aro ya daina jingina wa kakanninmu abin da ba su faɗa ba. In mai sharhin yana son maganar wuta ta gida, ga wutar kara, wadda ake kwatanta abin da ya tashi da ƙarfi ya mutu nan da nan da ita, ga kuma kishiyarta wutar ƙaiƙayi, mai ci ta ƙarƙashi ba a gani sai ta gama ɓarna. Mai gashi ya san su duka biyu, domin ta farko tana ƙona bayan nama ta bar cikinsa ɗanye, ta biyu kuma ita ce take sa a taka toka da safe a ƙone.

Daga Jos: Gawayi da kwal fa?

Gawayi daga itace ake yinsa, a tara icce a rufe shi da ƙasa ya ci a hankali ba tare da isasshiyar iska ba. Maƙera sun fi son na kirya saboda nauyinsa da daɗewarsa, kuma mai gashi ma in ya sami gawayi mai nauyi wanda yake ƙara kamar ƙarfe in an buga biyu, ya saya. Kwal kuwa haƙo shi ake yi daga ƙasa, kamar wanda aka gano a yankin Inugu a 1909 aka riƙa ba jiragen ƙasa. Ɗanyen kwal yana da warin farar wuta, ba a gasa nama da shi.

Daga Garwa: Yaya za a bambanta gashi na kai da gashi na nama a rubutu?

A rubutunmu na yau da kullum ba a bambanta su, jimla ce take raba gardama. A baki kuwa na kai ana jan wasalinsa na farko, na nama ba a ja. Wanda ya kamata ka kula da shi shi ne na uku, na miƙa abu, domin kalmomi biyu ne kuma a rabe ake rubuta su: ga shi.