Amsa ga ƙanena kan albam ɗin da na turo ranar Juma'a

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da dare. Ku yi mini haƙuri, muryar nan za ta ɗan yi tsawo, don in na ce zan rubuta sai yatsuna su gaji ban gama ba. Ƙanena, da kai nake musamman. Na ga saƙonka na ɗazu kan albam ɗin da na turo ranar Juma'a. Ka ce ka kunna waƙar farko, ka ji muryar mawaƙiyar tana rawa, sautin kuma kamar a cikin ɗaki aka ɗauka, ko minti ɗaya ba ka yi ba ka kashe. Sannan ka ce, Yaya, me kika ji a ciki har kike cewa a bana ba ki saurari wanda ya kai shi ba?

To, abu biyun da ka faɗa gaskiya ne. Muryarta tana rawa, kuma a ɗaki aka ɗauka. Ita da kanta ta rubuta haka a shafinta na Bandcamp, dandalin intanet da mawaƙa ke sayar da waƙoƙinsu, ta ce a ɗakin kwananta ta yi aikin, da jita ɗaya da makirfo ɗaya da kwamfuta. Babu kamfani a bayanta, ita ta rubuta, ita ta rera, ita ta haɗa, ita ta saki. Irinsu ne ake ce wa 'yan indi, wato masu zaman kansu, waɗanda ba sa ƙarƙashin manyan kamfanonin nan uku da suka riƙe kasuwar waƙa ta duniya, Universal da Sony da Warner. Wasu suna tare da ƙananan kamfanoni, wasu kuma, kamar ita, su kaɗai ne da Allahnsu.

Kuma bari in gaya maka, ni ma ranar Juma'ar ban ji komai ba. Ka san tun 2015 aka daidaita a kan Juma'a ce ranar sakin sababbin waƙoƙi a yawancin ƙasashen duniya, to duk Juma'a abubuwa suke zubowa kamar ruwan sama. Na kunna shi ina wasu ayyuka, waƙoƙi goma suka wuce ta gefen kunnena, na ce to, ba laifi. Da a nan na tsaya, da ban turo muku ba ma da daddare.

Abin da ya sa na koma, akwai wata gaɓa a waƙa ta huɗu da ta maƙale mini. Ban riƙe kalmomin ba, karin ne kawai ya yi ta dawo mini. Da dare ya yi na kashe fitila, na sa iyafis, na faro shi tun daga farko ban taɓa wayar ba. Wallahi ƙanena, kamar wani albam daban aka kunna mini.

Waƙa ta huɗun nan a kan mahaifiyarta take, wadda tsufa ya kawo mata ciwon mantuwa. Uwar ta daina gane ta, tana kiranta da sunan wata 'yar'uwarta da ta rasu tun da daɗewa. Da farko takan gyara mata, ta ce Mama ni ce wance. Sai ta lura duk lokacin da ta gyara mata, fuskar uwar takan canza, ta shiga ruɗani da tsoro. Sai ta daina. Ta koma amsa sunan da ba nata ba. Iyakar labarin ke nan, ba ta ƙara masa gishiri ba. Jita ce kawai a ƙasa, tana maimaita abu ɗaya a hankali. Wajen minti biyu da rabi, inda ta zo faɗin ranar da ta fara amsa sunan, sai muryar ta tsinke mata. Kana jin ta ja numfashi, kana jin kujerar da take kai ta yi ƙara, sai ta yi shiru na ɗan lokaci jitar na tafiya ita kaɗai, sannan ta ci gaba. Tana da damar sake ɗauka sau ɗari, kwamfutar tana gabanta. Ta bar shi a haka.

Ni a nan na tsayar da waƙar, don hawaye ya hana ni ci gaba. Duk wanda ya taɓa zama kusa da tsoho mai irin wannan lalura ya san abin da take faɗa, kuma ya san ba a faɗarsa da murya mai santsi. Rawar muryar da ta kore ka a waƙar farko, ita ce ta riƙe ni a ta huɗu. Da an goge ta, da ban yarda da matar ba.

Kuma ban ga laifinka ba da ka kashe da wuri, haka aka horar da kunnuwanmu duka. A Spotify, manhajar nan ta sauraron waƙoƙi, sai mutum ya saurari waƙa na daƙiƙa 30 kafin a ƙirga ta a matsayin an ji. Duk mai son kuɗi ya shigo dole ya kama ka kafin daƙiƙa talatin ɗin nan su cika. Shi ya sa waƙoƙin da ake yayi yanzu ba sa ɓata lokaci, amshi yana zuwa tun a bakin ƙofa, kiɗa ya cika kunne nan take. Ga kuma Auto-Tune, wanda ya fito tun 1997, yana miƙe duk inda murya ta karkace. Kai da aka haifa bayansa, kusan duk muryar da ka girma da ita a rediyo an bi ta an daidaita. To in ka ji muryar mutum yadda Allah ya yi ta, sai ka ɗauka kuskure ne. Waƙarta ta farko kuwa sai da ta yi kusan minti ɗaya tana kaɗa jita kafin ta buɗe baki. Wato daidai inda ka kashe, nan ta fara magana.

Wannan hanya ba ita ta fara ta ba. Akwai Justin Vernon, wanda aka fi sani da Bon Iver. Bayan ƙungiyarsa ta watse, ga rashin lafiya, ga rabuwa da budurwarsa, sai ya tafi wata bukkar mahaifinsa a dajin Wisconsin a Amurka, ya yi hunturu a can shi kaɗai yana ɗaukar waƙoƙi da 'yan kayan da yake da su. Da kansa ya fara sakin albam ɗin a 2007, kafin wani ƙaramin kamfani mai suna Jagjaguwar ya karɓa ya sake fitar da shi a 2008. A cikinsa kana jin ɗakin, kana jin kaɗaicin. Zuwa 2012 mutumin nan ya karɓi Grammy, babbar kyautar waƙa ta Amurka. Ban ce wannan matar za ta kai can ba, kuma ba don kyauta nake son ta ba. Na kawo shi ne don ka ga sautin ɗaki ba ya nufin aikin bai nuna ba.

Sai maganar jeri, don na san halinka da tsalle daga waƙa zuwa waƙa. Minti talatin da takwas ne albam ɗin gaba ɗaya, kuma ta tsara shi irin na faifan garmaho, da ake juyawa in gefe ɗaya ya ƙare, kowane gefe wajen minti ashirin. Biyar na farko duk a cikin gida suke, jinya, dare, jira. Ta biyar ta ƙare da dogon shiru. Daga ta shida sai ta fita waje, kiɗan ya ɗan buɗe, har ganga ta shigo. Ta goma kuma sai ta dawo da karin nan na ta huɗu, amma da fiyano, ba kalma ko ɗaya. In ba ka ji ta huɗu ba, ta goman ba za ta ce maka komai ba. In ka ji, to za ka gane uwar ta rasu ba tare da an gaya maka ba. Irin wannan ba ya samuwa sai mutum ya zauna ya bi abin daga farko har ƙarshe.

Ba wai babu aibi ba fa. Ta bakwai da ta takwas sun yi mini tsawo, musamman ta takwas, inda ta sa gangar kwamfuta da ba ta zauna da jitar ba ko kaɗan, kamar kowanne hanyarsa daban. Akwai kuma wuraren da sautin ya yi ƙasa sosai sai ka ƙara murya, can kuma ya daki kunne. A nan ne ake ganin rashin mutum na biyu a ɗakin, wanda zai ce mata wannan ki rage, wannan ki cire. Mai zaman kansa yana da 'yancin yin abin da ya ga dama, kuma ba shi da mai tsawata masa. Da ni ce, da waƙa tara zan fitar.

A wannan Juma'ar dai akwai wani albam da na fi ɗokinsa, na wasu samari huɗu da nake bi tun na farkonsu. Wannan ne na uku. Sun samu situdiyo mai kyau, komai ya fita tas, ba ƙura ko ɗaya. Na saurara sau uku, don ba na yanke hukunci kafin sau uku, amma har yanzu ban iya tuna waƙa ɗaya a ciki ba. Abin ya dame ni ƙwarai, domin ina ƙaunarsu. A na farkonsu kana jin mutum huɗu a wuri ɗaya suna kallon juna suna kiɗa, mai ganga yakan ɗan yi gaba sauran su bi shi a guje. A wannan kowa an ɗauke shi shi kaɗai an jera. Shi ya sa ban turo muku shi ba.

Abu na ƙarshe da ke ci mini rai shi ne yadda irin wannan matar za ta rayu da aikinta. Tun 2024 Spotify ya kafa doka cewa waƙar da ba a saurara sau 1,000 a cikin wata goma sha biyu ba, ba za a biya mai ita komai a kanta ba. Na duba nata jiya, yawancin waƙoƙin ba su kai ba tukuna. Shi ya sa na je Bandcamp na saya, don a can yawancin kuɗin hannun mawaƙi yake shiga kai tsaye. Suna ma da wasu Juma'o'i da suka faro a Maris 2020, lokacin korona da aka rufe wuraren wasa, inda kamfanin yake yafe kasonsa na ranar. Ban ce kowa a gidan nan sai ya saya ba, kowa ya san aljihunsa. Amma wanda abin ya taɓa shi kuma yana da hali, ya san inda zai je, domin ina so matar nan ta samu ƙarfin yin na biyu.

To ƙanena, ga roƙona. Yau da dare in ka gama abin da kake yi, ka sa iyafis, ka kifa wayar, ka ba ta minti talatin da takwas ɗin nan cif. Kada ka tsallake ta farko, kada ka tsallake ta takwas ma duk da abin da na faɗa a kanta. In ka kai ta goma ka turo mini murya ka gaya mini abin da ka ji lokacin da fiyanon ya shigo. In kuma har yanzu bai yi maka ba, ka faɗa mini a wace waƙa ya kuɓuce maka, ina so in sani. Zan sake turo shi yanzu don kada ka sha wahalar nema a sama. Sai da safenku.